Anti, a Amurka ni ce direban gida, a Jamus na koma 'yar rakiya

"Assalamu alaikum Anti, dan Allah a sakaya sunana. Ni haifaffiyar Zariya ce amma tun ina 'yar shekara 19 nake Amurka, can na yi karatu na yi aure na zama 'yar ƙasa. Maigidana baƙar fatar Amurka ne musulmi, yaranmu uku duk a New York aka haife su, babban 13, mai bi masa mace 9, auta 5. Wurin aikinsa ne suka turo shi Jamus na shekara uku, wani ƙaramin gari kusa da Stuttgart, mun zo a Yuli gashi yanzu Fabrairu. Anti wallahi na koma kamar ba ni ba. Shi lasisinsa na Texas ne don can ya yi aiki kafin mu taso, ya kai aka canza masa ba ko tambaya, ni nawa na New York wai sai na zauna jarrabawa har biyu, ni da na shekara 15 ina tuƙi. Zuciya ta ɗebe ni na ƙi zuwa, ina ta lallaɓawa da na Amurkan. Satin da ya wuce saura ƙiris mu yi karo da wani da ya ɓullo daga ɗan lungu ta damana, ya fito yana zazzaga min masifa ban ji ko kalma ɗaya ba. 'Yata ce tafintata har wurin likita. Wata tsohuwa maƙwabciyata ta liƙa min takarda sau biyu, kan sharar matakala da kan na kunna injin shara ran Lahadi. Babban ɗana ya kulle kansa a ɗaki ba ya kula kowa. Maigida da Turanci yake aiki, in na yi magana sai ya ce in ƙara haƙuri. Ni dai tunanina in kwashe yarana mu koma New York, in ya gama ya same mu."

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da ɗawainiya. Zan yi miki jaje amma ba yanzu ba, tukunna tashi ki ɗauko makullin motar nan ki jefa a durowa ki rufe, da gaske nake wallahi. Ke kina ganin lallaɓawa kike da lasisin Amurka, su a wurinsu ba ki da lasisi kwata-kwata. Wata shida dokar Jamus ta ba wanda ya zo zama ya yi tuƙi da irin naki, daga ranar da ya tare, ku kun zo a Yuli kenan tun Janairu katin nan ya zama ado a jaka. Kuma ba irin tarar fakin ba ce da za a saƙala miki takarda a gilashi ki biya ki manta, laifi ne na kotu, tara ko ɗaurin da zai iya kaiwa shekara ɗaya, sannan mai motar da ya bari aka tuƙa shi ma yana ciki tsundum, toh in da sunan maigida take kinga abin ya zo har ƙofarsa. Da kun gogu da mutumin nan ranar, abu na farko da ɗan sanda zai nema lasisi ne, inshora kuma ta biya shi ta juyo kanki ta karɓi wani kaso, gyaran taki motar ta ce babu ruwanta. Allah Ya rufa asiri wannan karon, amma ba kullum ake kwana a gado ba.

Haushin na gane shi. A Amurka kowace jiha ce ke ba da lasisinta, shi ya sa Jamus take bin su ɗaya bayan ɗaya, Texas da Virginia da Illinois da Pennsylvania musanya ake yi kai tsaye, Florida jarrabawar rubutu kaɗai, New York da California kuwa sai an yi duka biyun, ta rubutu da ta titi. Babu wanda ya zauna ya auna tuƙinki da na mijinki ya ce ya fi ki, takarda ce tsakanin hukumomi ta faɗo a kanki.

Sai dai mutumin nan da ya yi miki masifa shi ke da gaskiya, hannunsa ne. A Amurka kin saba mararrabar unguwa an kafa mata allon tsayawa, wani lokaci a duk kusurwa huɗu, wanda ya riga zuwa ya riga wucewa. A Jamus cikin unguwa, musamman inda aka rubuta 30, sai ki yi ta ratsa mararraba ba allo ko ɗaya, kuma rashin allon shi ne dokar, duk wanda ya ɓullo ta damanki shi zai fara wucewa ko da titinsa ɗan siriri ne kamar lungun cikin birnin Zariya naki kuma ya ninka shi faɗi. Rechts vor links suke cewa, dama kafin hagu, ɗan firamare ma ya haddace. Sai in kin ga allo mai kusurwa huɗu a tsaye bisa tsininsa, rawaya a tsakiya fari a gefe, toh titin naki ne wuce abinki. Shekara 15 ɗin taki ta iya mota ce ƙanwata, titin Jamus kuwa watanki bakwai a kai kuma babu wanda ya taɓa zaunar da ke ya karanta miki shi.

Abin bai kai yadda kike tsoro ba. Mai lasisin wata ƙasa ba a ɗora masa darussan dole da ake ɗora wa yaran Jamusawa. Ki nemi makarantar tuƙi, Fahrschule, ta hannunsu ake zuwa jarrabawa, ki ce musu musanya kika zo yi. Za a nemi gwajin ido wanda shagon tabarau yake yi cikin 'yan mintuna, da kwas ɗin taimakon gaggawa na yini ɗaya, da hoto, da fassarar lasisinki, a kai ofishin lasisi na yankinku, ofisoshin nan kuma ba su san sauri ba, duk ranar da kika ƙara kina fushi kanki kike yi wa. Ta rubutu a kwamfuta ake yi, ana iya zaɓar Turanci, tambaya 30 kowace da makin kuskurenta, in makin ya haura 10 an faɗi. Tambayoyin sun fi dubu amma ba ɓoyayyu ba ne, duk suna cikin manhajar waya, ki riƙa yi bayan asuba kafin gida ya tashi. Ta titi wajen minti 55 ce, malaminki a gefe mai jarrabawa a baya, da Jamusanci zai yi magana amma kalmomin ba su da yawa, links, rechts, geradeaus, hagu dama miƙe, sai juyawa da fakin, sati ɗaya kin riƙe. In kin yi da otomatik za su buga lamba 78 a katin, ma'ana ban da mai giya, ni dai na ce ki karɓa hannu bibbiyu, ba yanzu ne lokacin koyon kuloci ba a yankin Stuttgart da ko'ina hawa da gangara. Ki kuma sani ranar da za su ba ki nasu za su karɓe na New York ɗin.

Ko da ba dole ba ne, ki biya darasi biyar ko goma, tsohon hannu da tsohuwar ɗabi'a yake zuwa. Da zarar kin wuce allon rawaya mai sunan gari 50 ce, babu wanda zai sake rubuta miki, a waje 100 in ba a rubuta wani abu ba, kilomita fa ba mil ba, kyamarori kuma suna nan a laɓe sai dai ki ga wasiƙa da hotonki kin saki baki. Otoban, babbar hanyarsu da ake ta kurantawa babu iyakar gudu, e akwai wuraren da babu, 130 hukuma take ba da shawara, amma a A8 da A81 da suka kewaye ku gosulo zaki fi gani. Ba a wuce mota ta dama ko da wasa, in gosulo ya haɗu kuma tun kafin a ji jiniya na layin hagu su raɓe hagu sauran duk su raɓe dama a bar wa motar asibiti tsakiya. Abu ɗaya da kika fi maigida, a birnin New York dama can ba a shan kwanar dama a kan jar danja, nan ma haka ne sai in an maƙala ɗan allo mai koriyar kibiya, shi kuwa mutumin Texas da ya saba shan kwanarsa a kan ja kuma aka miƙa masa lasisi ba tambaya, shi ya kamata a sa wa ido. Ki ba shi manhajar ya gwada tambaya talatin ɗin, ki gyara zama ki sha kallo.

Toh wata biyu ko uku ba mota yaya za a yi? Ni a nan nake ganin gindin matsalar. Kin ɗauko rayuwar Amurka ɗungurungum kin kawo Jamus kina son ta zauna daram, a cika but sau ɗaya a sati, a kai yara a ɗauko yara, komai da sitiyari, shi ya sa da aka taɓa lasisin kika ji kamar ƙafa aka sare miki. Garuruwan nan ba haka aka gina su ba. Ki leƙa ta taga da bakwai da rabi zaki ga sa'o'in 'yarki har da ƙannenta sun goya jakunkuna suna tafiya makaranta su kaɗai cikin sanyin nan, iyayen da ke sauke yara a ƙofar makaranta ma suna na tsokana aka sa musu, Elterntaxi. Ki raka ta da ƙafa sati ɗaya ki ga yaran da ke bin hanyarku, sati na biyu ta bi su, a hanyar nan ake yin ƙawaye ba a kujerar bayan motarki ba. Cefane ki koma irin wanda kika taso kika gani a gida, kaɗan kaɗan kullum, firijin nasu ma ɗan ƙarami ne. Su ruwa da shinkafa da mai ran Asabar maigida ya tuƙa ya ɗauko, tunda Lahadi kantuna a rufe suke ruf sai gidan mai da gidan burodi da na manyan tashoshi. Ki yanki tikitin wata da suke kira Deutschlandticket, da yuro 49 ya fara a 2023 ya hau daga baya, da shi zaki hau bas da jirgin cikin gari da na yanki ko'ina a ƙasar ban da masu gudun nan irin ICE. Ki hau S-Bahn, jirgin cikin garin nasu, ki sauka unguwar Feuerbach a Stuttgart, akwai layin Turkawa kusa da masallaci, naman halal da kayan miya da burodi mai zafi, zaki ga mata suna ciniki da Jamusancin da bai fi naki da komai ba kuma suna ta harkarsu.

Maƙwabciyarki dariya ta ba ni, don kin faɗa tsakiyar masu abin ne. Yankinku na mutanen Shwaben ne, su Jamusawan kansu tsokanarsu suke da tsabta da tsimi. Suna da al'adar da ake kira Kehrwoche, satin shara, Stuttgart tun ƙarni na 15 ta fara kafa dokar share titi, kowane gida a bene da satinsa na share matakala da gogewa, wani lokaci har da gaban gida da kwashe ƙanƙara, akwai ɗan allo da ake ratayewa a ƙofar wanda satin ya faɗo kansa, ina kyautata zaton ya kwana bakwai a taki kina ɗauka ado ne. Lahadi kuma ranar shiru ce, haka daga goma na dare zuwa shida na safe kullum. Mu a wurinmu a liƙa wa maƙwabci takarda cin fuska ne, gara a yi sallama a faɗa, ita ƙila a ganinta takardar ce kara, ba ta so ta tare ki a matakala. Bazan ce miki babu masu ƙyamar baƙi ba, akwai su kuma zaki gamu da su, amma takarda biyu kan shara ba ta kai hujja ba. Ki soya cincin ki zuba a faranti ki ƙwanƙwasa mata, ki ce ke sabuwa ce ta nuna miki yadda ake Kehrwoche da rabon bola, wace ta takarda wace ta leda da gwangwani wace ta ɓawon kayan miya. Tsohuwar Shwaben a ce ta koyar da shara, ai an sosa mata inda yake mata ƙaiƙayi. In bayan haka ta ci gaba da ɗaure fuska kin fita haƙƙinta, ki yi sharar satinki ki gaishe ta ki wuce.

Yanzu jajen. Mutane za su ce ai kin taɓa yin baƙunta me zai dame ki, amma ba ɗaya ba ne. Kin shiga Amurka kina 19 da Turancinki na makaranta a baki, ko sun yi wa harshenki dariya kina jin me suka ce kina ramawa, kuma lokacin ba ki zama kowa ba tukuna balle a rage miki wani abu. Yanzu kin zo kina uwar 'ya'ya uku wadda ƙila ita take cike wa wasu fom, a wayi gari wasiƙar makaranta sai yarinyar da kika haifa ta karanta miki. Wannan ne karon farko da kika zama kurma kuma bebiya, da girmanki. Ga sanyi ga duhu, garin da a Disamba rana ba ta fitowa sai bayan takwas kuma kafin biyar ta faɗi. In kuka ya zo ki yi abinki, ba rashin godiyar Allah ba ne.

Amma yarinyar nan ki sauke mata tafintar, musamman a asibiti. 'Yar shekara 9 bai kamata ta ji abin da ke damun uwarta a ciki ba, in likita ya faɗi kalmar da ba ta sani ba cikowa za ta yi da tata don kada ta ba ki kunya, kuma ɗan da ya saba shi ne bakin uwarsa a waje a hankali sai raini ya biyo shi gida. Likitoci da yawa suna jin Turanci, masu ɗaukar waya ne matsalar, ki rubuta jimla uku a takarda ki karanta musu.

Ki shiga aji na gaske mai allo da mutane, ba manhajar waya kaɗai ba. Kusan kowane gari yana da makarantar manya, Volkshochschule, kuɗinta da sauƙi, akwai kuma kwas ɗin gwamnati na baƙi, darasi 600 na harshe da 100 na sanin ƙasa, yana kai mutum matakin B1, wato tsaka-tsakin iya harshe, ki nemi na safe lokacin da auta yana kindagatin. DW da muke jin Hausarsu daga Bonn suna da darussan Jamusanci kyauta a intanet, ki haɗa da su da daddare. Kuma Hausarki za ta yi miki ranar da Turanci bai yi ba, Ba'amurke zama yake ya dafe kai wai yaya za a ce tebur namiji ne, ke kuwa tun kina goye kinsan rana mace ce wata namiji ne, toh su ma haka, die Sonne, der Mond. Sun dai ƙaro jinsi na uku don neman magana, har yarinya, das Mädchen, a can suka jefa ta. Jam'insu kowace kalma da nata salon, wanda ya taso da gida gidaje, doki dawakai, wannan ba zai firgita shi ba.

Inda za su kayar da ke lamba ce da agogo. 45 a bakinsu biyar-da-arba'in ne, sai hannu ya rubuta 54. Halb drei ba uku da rabi ba ne biyu da rabi ne, a yankinku har da viertel drei, biyu da kwata, duk wanda ya ba ki lokaci ki miƙa masa biro ya rubuta. In kin ji tsofaffin garinku suna magana kin kasa kama ko kalma ɗaya ta aji kada ki zargi kanki, karin harshen Shwaben ne, jihar taku ta Baden-Württemberg da kanta ta taɓa yin talla tana cewa sun iya komai ban da daidaitaccen Jamusanci, kamar wanda ya koyi Hausar rediyo ne aka sauke shi a ƙauyen Sakkwato. In kin fara lalube suka juya miki Turanci don tausayi, ki yi murmushi ki ce ich lerne Deutsch, langsam bitte, ki ci gaba da gurguwar taki.

Wanda ya fi tsaya min a rai ɗanki ne. Ƙananan za su sha harshen kamar ruwa, kafin shekara su fara yi miki gyara, amma 13 shekara ce mai wuya ko a garin uban mutum, an raba shi da abokai daidai lokacin da suka fi kowa a idonsa kuma ba a yi shawara da shi ba. Ba ki faɗa min wace makaranta yake ba. In ajin share fagen baƙi yake a ta Jamusawa ku zauna ku yi lissafi, yana wajen 16 za ku koma, saura shekara biyu ya gama sakandaren Amurka, akwai makarantar ƙasa da ƙasa a Stuttgart da ake koyarwa da Turanci, tsada gare ta sosai amma ko shi kaɗai aka sa ƙananan suka zauna inda suke. Abin da ba zai yiwu ba shi ne ki bar shi a gida yana karatu ta kwamfuta irin na Amurka, a Jamus zuwa makaranta dole ne, tara ake cin iyaye. Ɗakin kuma da wasa ake fito da shi, Jamusawa a kulob suke ƙulla abota, Verein, kowane ƙauye da nasa. In ɗan ƙwallon kwando ne ga Ludwigsburg nan kusa da ku ƙungiyarsu tana babban lig na ƙasar, ubansa ya kai shi kallo su biyu kawai sannan a nemo masa ƙaramin kulob, yaro daga New York a filin kwando ba ya buƙatar nahawu. In kuwa kin ga ya daina cin abinci, ko barci ya rikice, ko yana maganar da ta ba ki tsoro, kada ki tsaya jiran ya saba, likitan yara kai tsaye.

Maigida ban ce mugu ba ne, amma shi bai iso Jamus ba tukuna, ofis kawai ya canza. Da Turanci yake wuni, ya dawo ya tarar da abinci, lasisi a aljihu, me zai ce in ba ki ƙara haƙuri ba. Kada ki je masa da na gaji da ƙasar nan, ki je masa da aiki a hannu. Tuƙin Asabar nasa, wasiƙun hukuma nasa har da fom ɗin harajin Amurka da ba ta daina bin 'yan ƙasarta da shi ko ina suke, yamma biyu a sati ya dawo da wuri ki je darasin tuƙi, kuma cikin satin nan ya tambayi wurin aikinsa, kamfanoni da yawa in sun tura ma'aikaci waje akwai kuɗin ajin harshe na iyali da na makarantar yara a yarjejeniyar, karantawa ce ba a yi. Shi ma ya shiga aji ko sau ɗaya a sati ya ɗanɗana yadda ake zare ido a gaban allo, haƙurin da zai ba ki bayan nan zai fi daɗin ji.

Komawa ban ce kada ki koma ba, kun yi zaman nesa lokacin Texas auren bai mutu ba. Amma ba a Fabrairu ake yanke wannan ba, ba lasisi ba harshe ba rana. Ku sa wa'adi, ƙarshen Yuli lokacin da makarantun jiharku suke tafiya dogon hutu, kafin nan kin yi jarrabawa kin yi watanni a aji kin ga garin da ganye, in har ranki bai kwanta ba ku tsara tafiyar tare. Kalmar kwashe yarana ce nake so ki cire a bakinki. Jamus da Amurka duk suna cikin yarjejeniyar Hague ta 1980, uwa ko uban da ya tsallaka da yara wata ƙasa ba da yardar ɗayan ba kotu tana iya cewa a mayar da su inda suke zaune, kuma watannin da kuka yi da makarantar da suke zuwa za a iya lissafawa a ce nan ne mazauninsu. In tafiya ta kama, da yardarsa, a rubuce.

Ni ma na zauna ƙasar nan can wajen kogin Rhine, kuma na faɗi ta titi a karon farko bayan na shekara goma ina tuƙi tsakanin Kaduna da Kano. A ganina ban taka doka ko ɗaya ba, muka dawo mai jarrabawa ya ce sau uku na sha kwanar dama ban waiwaya ta kafaɗa na duba masu keke ba, na ce haba na duba mana, ashe da wutsiyar ido nake yi, mayafina kuma ya rufe gefen fuskata shi daga baya bai ga komai ba. Sati guda ban yi wa malamina magana ba. Don haka ranar taki in kina rufe kai ki ɗaura abin da zai kama sosai, ki juya wuyan nan gaba ɗaya har haɓarki ta kusa taɓa kafaɗa, a kowace kwana, ko da babu keke ko ɗaya a garin. In katin ya fito ki turo min hotonsa, ki rufe sunan da yatsa.